Taurari Uku a Ƙasan Takarda

Litinin

Zuwa ga Gwaggo Mai Tafireta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gidanku. Yaya ƙafar? Ni dai lafiya ƙalau, in ban da mura da ta ƙi sakina tun da na zo ƙasar nan karatun haɗa magunguna.

Na san kina juya takardar kina cewa wace ce kuma wannan. Ni ce Aku, 'yar marigayi malamin lissafi, wanda kakansa da kakanki suke ciki ɗaya. Ke kika laƙaba min sunan, ranar da ya ajiye ni a gefen teburinki na hana ki buga ko layi ɗaya saboda tambaya. Rabona da ke tun zaman makokinsa, shekara shida ke nan, ko sallama ban aiko ba. Ba ni da bakin kare kaina, sai dai ki yi haƙuri.

Gwaggo, ina da shafi a intanet da nake sa labarin garinmu, 'yan garin da suka warwatsu a duniya suna karantawa. Ranar da aka buɗe ƙofofin madatsar ruwa ba a sanar da kowa ba, ruwa ya shafe unguwar gangare, hotuna suka yi ta shigo min har wayata ta ɗauki zafi. Ina sawa, mutane suna yaɗawa. Bayan kwana biyu jama'a suka yi tattaki zuwa ofishin hukuma, washegari aka katse intanet da layukan waya a garin gaba ɗaya. Yau kwana tara ke nan. Na kira lamba ta fi talatin, ko ɗaya ba ta shiga.

Rediyon gwamnati kuwa, wanda muke kamawa a nan, cewa yake gida uku ne suka rushe, kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ni da idona na ga hoton mutane ɗauke da gawa a kan ƙyauren ƙofa. Da na sa shi sai aka ce tsohon hoto ne na wata ƙasa. Yanzu shafin nawa ya koma kamar kasuwa bayan an tashi.

Duk dangin da suka rage min a garin ke ce. Kuma na tuna Baba yana cewa in ana son sanin abin da ke damun gari, a tambayi mai buga wa mutane takardar koke. Don Allah ki rubuto min gaskiyar abin da ya faru. Direban motar albasa da ya kawo miki wannan yayan abokiyar karatuna ne, duk Alhamis yake juyowa. In kin ga akwai haɗari ki bari, wallahi ba zan ji haushi ba.

'Yarki,
Aku

Laraba

Zuwa ga Aku,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Tun kafin in buɗe ta idona ya fara hawaye, amma kada ki ɗauka kewarki ce, albasa ce. Ƙafa tana nan yadda kika san ta, da safe ta ƙi, da rana ta yarda. Ki riƙa rufe ƙirjinki. Mai karatun magani tana yawo da mura, ai abin kunya ne.

Ba sai kin zayyana min kakanni ba, ni na wanke babanki ranar da aka haife shi. An ce zumunta a ƙafa take, taki kuwa ashe a intanet take, sai da aka katse shi kika tuna kina da gwaggo. To, na gode wa wanda ya katse.

Ga magana. Teburina yana nan inda kika bar shi, a barandar da ke kallon kotu, tsakanin mai ɗaukar hoto da mai sayar da ambulan. Masu kwamfuta sun kewaye ni, sun daɗe suna jira in mutu su gaji wurin. Tun ranar ruwan wutar lantarki ba ta dawo ba, suna zaune suna korar ƙuda, ni kuwa layi har bakin titi. Duk wanda ruwa ya ci wa gida ko mutum, wurina yake zuwa in buga masa koke. Su kai ofis, a ce su dawo gobe, ba a karɓa ba, ba a buga hatimi ba. Abin da ofis bai sani ba, ni ban taɓa buga takarda babu kabon a bayanta ba, kuma kwafin duk yana akwatina.

Gida uku, in ji rediyo. A akwatina kaɗai akwai koken gida ɗari da arba'in da shida. Rai kuwa goma sha ɗaya. Akwai matar tela da jaririn da ke bayanta. Akwai tsohon nan kurma mai gyaran agogo, bai ji ihun mutane ba. Akwai 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya, sun fita lafiya, suka koma kwance akuya. Akwai mai wanki da guga, shi ya fitar da yara huɗu, a komawa ta biyar bai fito ba. Sauran suna cikin takardar da na haɗo miki, kowa da cikakken sunansa da shekarunsa da layin gidansu da inda aka tsince shi.

Ki sani, abin da mai abu ya zo ya faɗa min da bakinsa shi kaɗai na buga. Akwai wata tsohuwa mai ƙyafa kifi a gidan ƙarshe, daf da bakin ruwa, ita kaɗai take zaune. Ba wanda ya ƙara ganinta, amma ba wani nata da ya zo ya ce ta rasu, don haka ba ta ciki. Ni ba na buga "an ce".

Dokar teburina shekara talatin da ɗaya ba ta canza ba. In na gama bugawa sai in karanta wa mai takarda da ƙarfi, daga sama har ƙasa. Sai ya ce haka ne, sannan in buga taurari uku a ƙasa in zare takardar. Wannan ma na tara iyalan a baranda na karanta musu. Tela kai kawai ya gyaɗa.

Ki karanta wa mutanen cikin wayarki. Sunana kada ya fito. Ba tsoro nake ji ba, akwai sauran masu koke a layi, in aka ɗauke ni babu mai buga musu.

Gwaggonki

Asabar

Gwaggo,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaishe da ƙafa. Murar ta tafi, na bi maganarki.

Ban san ta inda zan fara ba. Na karanta takardarki a tsaye a tashar mota, ban ankara ba sai ji na yi wata mata tana tambayata wa ya rasu. Ina komawa ɗaki na kwafe sunayen goma sha ɗaya na sa a shafina. Ko awa ba a yi ba masu kare gwamnati suka yo min ca. Wai ina zaune a ƙasar mutane ina ƙirƙiro sunaye, wai in kawo shaida. Wani har cewa ya yi gobe ma zan ce kakata tana ciki.

Raina ya ɓaci. Na shimfiɗa takardarki a kan tebur na ɗauke ta hoto, na sa musu ita yadda take, da lanƙwasarta da tabon albasarta. Gani ya kori ji. Kada ki damu, na duba ta sama da ƙasa sau uku, babu sunanki, babu sa hannunki, babu adireshi.

Gwaggo, da kin ga abin da ya biyo baya! Cikin kwana biyu mutum ya fi dubu arba'in da suka yaɗa ta. An fassara ta da harsunan da ban ma san su ba. Wata tashar rediyo ta waje ta karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Wani bawan Allah ya kira ni daga wata ƙasa mai nisa yana kuka, ƙanen mai wanki da guga ne, a takardarki ya ga rasuwar yayansa. Ya ce in gaya wa wanda ya buga ta ya gode da aka rubuta yara huɗun nan, don ya samu abin gaya wa 'ya'yansa.

Kakakin gwamnati ya fito ya ce takardar jabu ce. Ya faɗa sau uku, gumi yana tsiyaya a wuyan rigarsa. Ba wanda yake yin gumi haka saboda takardar jabu.

Abokan karatuna sai tambaya suke wace jarida ce ta ba ni. Ina so in hau tebur in ce gwaggona ce, ita da tsohuwar tafireta da ta girmi malamanmu. Na dai kama bakina, ni Aku guda, ke ma kin san ba ƙaramin aiki na yi ba. Ki aiko da wata.

'Yarki mai alfahari da ke,
Aku

Aku,

Kada ki sake aiko min da takarda ta hannun direban nan. Iyakar maganata ke nan.

Juma'a

Gwaggo,

Ina gaishe ki, in har za ki amsa. Ina roƙon Allah Ya sa lafiyarki ƙalau, don ni tawa ba ta da daɗi. Mako uku ke nan ba na iya cin abinci sosai, na faɗi jarrabawa ɗaya.

Guntuwar takardarki ta zo, layi biyu, babu sallama, babu "gwaggonki", kuma da biro kika rubuta, ke da ba kya rubuta ko lissafin cefane da hannu. Na gane. Kin yanke ni, kuma kina da gaskiya.

Sai bayan ta zo na koma ƙarƙashin hoton ina bin maganganun mutane ɗaya bayan ɗaya. Can na ga wani ɗan garinmu da ke aiki a waje ya rubuta: "Taurari uku! Allah Ya ja da ran mai su, ita ta buga min takardar neman makaranta." Mutum ya fi ashirin sun amsa masa, kowa yana faɗin tasa takardar. Da zuciya ɗaya suka yi. Na goge, amma kwana biyar maganar tana nan kafin in gani. Kin gaya min dokar taurarin a wasiƙarki, na karanta, amma ban kawo a raina cewa duk garin ya san su ba. Ni suna nake nema a takardar, ashe sunan ne a gabana.

Direba ya ce ya bi ta gaban kotu sau biyu, tebur yana nan, babu ke babu tafireta. Ya tambayi mai ambulan, ya ce shi bai san wata mai tafireta ba. Daga nan direban ya daina ɗaga wayata.

Na cire hoton. Kuma na yanke shawara. Zan rubuta a shafina cewa ni na haɗa takardar, na samu tsohuwar tafireta a nan na kwaikwayi taurarinki, sunayen ma ni na ƙirƙira. In na faɗi haka ba su da abin riƙe ki. Shafin zai mutu, za a zage ni, ba komai. Mai fataucin atamfa da ta kawo miki wannan za ta dawo ranar Juma'a mai zuwa. In ta zo hannu wofi, a ranar zan sa.

Ki yafe min ko da ba za ki ƙara kirana 'yarki ba.

Aku

Talata

Aku,

Gaisuwa tana can ƙasa, yau ba ta da wuri a sama. Kada ki kuskura. Ki sake karantawa: kada ki kuskura. Mutum goma sha ɗaya ruwa ya ci, gwamnati ta ce ba a haife su ba, yanzu ke ma za ki fito ki ce ke kika ƙirƙira su? In kika sa wannan ƙaryar, ranar ce zan yanke ki da gaske. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa musun takardar da na buga ba, ba kuma 'yar gidanmu ce za ta yi musun a madadina ba.

Layi biyun da na aiko ba ke na kora ba, direba na kora. An fara sauke kayan motoci a shingen hanya ana zazzage buhu, shi kuma 'ya'yansa biyar. A tsaye na rubuta, a kan murfin motarsa. Ke kuma kika zauna kika saƙa abin da babu.

Ga abin da ya faru. Kwana shida bayan hotonki wasu jami'an tsaro su uku suka zo barandar kotu, kowa riƙe da takardata an fitar da ita a babban hoto. Suna tambaya wa yake sa taurari uku. Mai hoto ya ce idonsa ya lalace kwanan nan. Mai ambulan ya ce shi sayarwa yake, ba ya karanta abin da ake sawa a ciki. Masu kwamfuta, waɗanda na ce miki jiran mutuwata suke, ɗaya bayan ɗaya suka ce ba su taɓa ganin irin wannan ba. Allah Ya yafe min zargin da na yi musu. Duk wannan ina zaune taku biyar daga wurin, tafireta a gabana, ina buga wa wata mata koke. A garin nan babu gidan da babu taurarina a ƙasan akwati, amma kwana biyu suna yawo, gari gaba ɗaya ya manta. Ban taɓa jin daɗin zama 'yar garin nan kamar ranar ba.

A rana ta uku suka kama tela, wai ya faɗi wanda ya buga sunan matarsa. Mutumin da ko arba'in ba a yi wa matarsa da ɗansa ba. Na ce to, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na naɗe tafiretata a zani, na sa a baro aka tura, na bi baya da ƙafar nan tawa har ofishinsu.

Shugaban ofishin na san shi. Ni na buga masa takardar neman aikin da yake kai, shekara ashirin da biyu da suka wuce. In ya buɗe fayil ɗinsa taurarina zai fara gani.

Ya ce, "Mama, ke kika buga wannan?"

Na ce, "Ni ce."

"Wa kika ba?"

"Wannan ba ya cikin abin da na zo faɗa maka. Na zo ne ka saki tela."

"Kin san an ce ƙarya ce a ciki?"

Na ce, "Nuna min mai rai ɗaya a cikinsu, in je in durƙusa in ba shi haƙuri."

Ya sa yatsa yana bin sunayen har ƙasa, ya koma sama ya sake bi, kamar akwai abin da yake nema bai samu ba. Aka saki tela. Ni na yi kwana biyu a kan bencinsu, suka ce in tafi saboda tsufa, tafireta kuma ta zauna. Shi da kansa ya rubuta min takardar shaidar karɓa da hannunsa.

Yanzu faɗanki. Na ce ki karanta musu, ban ce ki nuna musu fuskar takardar ba. Amma laifi tudu ne, ba zan taka nawa in hango naki ba. Ni na buga taurarin, kuma ni na san garin da ya san su. Ban yi tunanin waya tana haɗiye takarda ɗungurungum ba. Ko da ma na yi tunanin, ban tabbata hannuna zai yarda ya zare takarda babu taurari ba.

Na yi mako biyu a kwance da ƙafa. Ranar da na koma na zauna a teburin wofi don kawai kada a ce na gudu. Sai ga tela da biro da fallen littafin makaranta. Ya ce, "Gwaggo, ki faɗa min yadda ake jerawa, ni zan rubuta." Ya rubuta nasa, na karanta masa, ya ce haka ne, wannan karon da bakinsa. Ya ɗauki biron ya zana taurari uku karkatattu. Kafin azahar layi ya dawo. Wanda bai iya rubutu ba, mai ambulan ko masu kwamfuta su rubuta masa. Fallaye sittin da uku ne a cikin atamfar da za a ba ki, mutum sittin da uku, kowanne ya zana taurarinsa da hannunsa. Waɗannan ki ɗauke su hoto. Na gaya musu sau uku inda za su je da abin da zai iya biyo baya, suka ce sun ji.

Saura guda. Shekaranjiya da safe na tarar da falle a ƙarƙashin dutsen da nake danne takardu da shi. Sunan tsohuwar nan mai ƙyafa kifi ne, da shekarunta, da inda aka tsince ta. A ƙasa an rubuta, "Innata ce, ita ta raine ni." Babu sa hannu. Na fito da takardar shaidar karɓar tafiretata na jera su, hannu ɗaya ne, na shugaban ofishin nan. Sai na tuna matar da ta rako shi teburina shekarun baya, zaninta yana ƙamshin hayaƙi.

Bai sa taurari ba. Ya san doka, ba a karanta masa ba. Jiya ya zo wucewa zuwa kotu, ya tsaya wurin mai ambulan kamar mai ciniki. Na ɗaga fallen na karanta da ƙarfi kamar mai gwada tabarau. Na kai ƙarshe. Yana juya ambulan a hannunsa, bai waiwayo ba, ya ce, "Haka ne." Ya biya ya wuce.

Sun zama goma sha biyu. Nata na kwafe shi da hannuna, ban da layin ƙarshe, shi za ki gani a sama. Wannan wasiƙar kuwa in kin gama ki ƙona ta, kuma saura ki ɗauke ta hoto.

Yanzu ga gaisuwar. Ina gaishe ki, ki ci abinci, ki koma ki ci jarrabawar da ta kayar da ke.

Gwaggonki, ko kin ƙi ko kin so

Lahadi

Gwaggo,

Ina durƙushe ina gaishe ki. Yaya ƙafa? Na ci abinci, kwano biyu, mai atamfa shaida ce.

Takardarki ta same ni na riga na rubuta ƙaryar tawa a waya, dannawa kawai ya rage. Na goge ta, na ƙona wasiƙarki a cikin kwanon wanke-wanke, maƙwabciyata ta ɗauka gobara ce.

Na mayar da hoton farko, na jera sittin da huɗu a bayansa, na tsohuwa a gaba. Kakakin gwamnati har yau bai fito ba. Ba shi da bakin cewa hannu sittin da huɗu duk jabu ne. 'Yan garinmu na waje sun fara rubuta koke da hannu suna zana taurari a ƙasa. Na ce musu ba ado ba ne, sai an karanta wa mutum ya ce haka ne. Wasu sun ce na cika tsanani. Na ce gado ne.

Ki ce min wani abu a kan tafiretar.

'Yarki,
Aku

Alhamis

Aku,

Ina gaishe ki. Ƙafa da sauƙi, ido ne yanzu ya fara nasa, rubutun hannu ba aikin tsofaffi ba ne.

An sako muku intanet ɗinku shekaranjiya, bayan kwana saba'in da uku. Duk barandar kowa ya sunkuyar da kai kamar kaji an watsa musu tsaba. Mai hoto ya nuna min shafinki. Ki gyara hoton fuskarki, kin rame.

Tafireta ba ta dawo ba, kuma ba na jin za ta dawo. Ba zan ɓoye miki ba, ina kewarta. Da safe yatsuna suna motsi a kan tebur su kaɗai. Tare muka yi shekara talatin da ɗaya, ta fi mijina daɗewa da ni, kuma ta fi shi jin magana. Amma kada ki sa ta a ranki. Inda ta tafi ba abin kunya ya kai ta ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wannan. Jiya da hantsi rediyon gwamnati ya ce akwai sanarwa a kan ambaliya. Mai ambulan ya ɗora rediyonsa a teburina, iyalan suka taru, har da masu shari'a a kotu suka leƙo. Mai karantawa ya yi ta kewaye-kewaye, wai bayan bincike mai zurfi. Ba su ce sun yi ƙarya ba, ba su faɗi wanda ya buɗe ƙofofin madatsa ba, wannan faɗan yana gaba. Amma sun karanta sunaye.

Na fito da kwafina na kabon, na sa yatsa ina bi. Ya kira matar tela da jaririnta, ya kira mai agogo, ya kira 'yan matan akuya, ya kira mai wanki da guga. A kowane suna sai wani a baranda ya ce, "Haka ne." Da ya wuce na goma sha ɗaya na riƙe numfashi, don ita ba ta da mai amsa mata a cikinmu. Ya kira ta, da cikakken sunanta. Baranda gaba ɗaya ta amsa.

Na karɓi biron tela, na juya bayan kwafin, na rubuta ranar da sa'ar, na zana wa gwamnati taurarinta uku. Tun da nake a bakin kotun nan, karo na farko ke nan da ta faɗi magana aka karanta aka ce haka ne.

Ki ci gaba da rubuto min a takarda. Direban albasa ya dawo hanya, kuma idona ya saba da albasarsa.

Gwaggonki

* * *